Kaza Mai Kwanci: Tarihin Jarin da Iyayenmu Suka Bar Mana a Gurbi



Da kwamitin shirya biki suka ce in rubuta wani abu na tarihi don wannan fitowa ta musamman, na san abin da ake jira. Ana jiran in lissafo shugabannin da muka yi, da rancen da aka bayar, da kekunan ɗinkin da aka raba. Duk wannan yana cikin rahoton sakatariya, kuma ta fi ni iya shi. Ni na zaɓi in yi magana a kan wata ma'aikaciya da ta daɗe tana yi mana bauta ba mu taɓa sa sunanta a rajista ba, wato kazar Hausa mai kwanci. Da yawa daga cikinmu kuɗin shiga ƙungiyar nan daga ƙarƙashin fikafikanta ya fito. Yau kuwa a lunguna da dama na Tudun Wada sai ki yi gida biyar kina cigiya ba ki samu kaza ɗaya da za ta kwanta miki a kan ƙwai ba. Yadda aka yi muka zo nan, shi ne labarin da nake so in ba ku.

Kaza dukiyar mace ce tun fil azal

Masana sun ce asalin kaza daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya take, kuma masu tonon kayan tarihi sun samu ƙasusuwanta a Afirka ta Yamma waɗanda suka haura shekara 1,000. Zabo kuwa namu ne, ɗan asalin nahiyar nan. Abin da ya fi burge ni shi ne labarin matafiyin nan Ibn Battuta, wanda ya ratsa ƙasar Mali a shekarar 1352. Ya faɗi cewa idan matafiyi ya sauka a ƙauye, mata ne suke fito masa da gero da nono da kaji, ya saya da gishiri ko duwatsun ado. Kun gani ko? Shekara kusan 700 ke nan, kuma tun a lokacin kaza a hannun mace take.

Unguwarmu ta Tudun Wada ba tsohuwa ba ce kamar cikin birni. Ta kafu ne a farkon zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya, a matsayin mazaunin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun cikin ganuwa ba. Sabon Gari na can ƙetaren Kubanni, birni na nan ta Ƙofar Doka, mu muna tsakiya. Malamai, 'yan kasuwa, leburori, daga baya ma'aikatan asibiti da na kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, duk suka taru daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasar Nufe. Matan da suka biyo su ba su zo da gona ba, ba su zo da garke ba. Amma kakata, Allah Ya jiƙanta, takan ce ita da kaza ɗaya a kwando ta sauka a tasha, an ɗaure mata ƙafa da tsumma. Ba ita kaɗai ba ce.

Me ya sa kaza? Domin ita ce dabbar da ba ta neman fili, ba ta neman makiyayi, kuma macen da ke cikin kulle za ta iya kiwonta ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Dusar da aka surfe, ƙanzon tuwo, tsakin da ya rage a rariya, sun ishe ta. Abin da ta haifar kuma na mai ita ne, miji ba ya taɓawa sai da izini. Tsofaffinmu suna da tsani da suke hawa: kaza ta zama kaji, kaji su zama akuya, awaki su zama ɗan maraƙi ko kayan ɗakin 'ya. Akwai kuma kiwon raba, inda mai hali za ta ba maƙwabciyarta budurwar kaza, in ta ƙyanƙyashe a raba 'yan tsakin. Tun kafin a kafa dokar ƙungiyoyin gama kai a Nijeriya a 1935, iyayenmu suna da adashi, suna da kiwon raba. Mu rajista da littafin banki kawai muka ƙara.

To amma wannan tsani duka a kan abu ɗaya ya tsaya, wato kazar ta yarda ta kwanta. Kazar da ba ta kwanci, komai yawan ƙwanta, ranar da ta mutu zancenta ya ƙare.

Ilmin gurbi

Iyayenmu ba su yi boko ba, amma a kan kwanci malamai ne. Bari in tuna mana abin da suke yi, domin yaran yanzu da yawa ba su taɓa gani ba.

Farko, wuri. Kaza ba ta kwanci a fili inda yara ke guje-guje. Takan nemi duhu da shiru: bayan randa, ƙarƙashin gado, gindin rumbu, lungun madafa. Sai uwar gida ta riga ta. Ta samo fasasshiyar tukunya ko tsohon kwando, ta zuba yashi a ƙasa, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, ta ajiye a inda ta ga kazar na yawan leƙawa. Yashin yana riƙe sanyi da ɗan danshi, tokar tana rage ƙwarƙwata da ƙuma, waɗanda su ne manyan masu korar kaza daga kan ƙwanta.

Na biyu, ba a kwashe gurbi tas. In kina ɗauke kowane ƙwai da zarar ta saka, kazar za ta ci gaba da saka, ko ta canja wuri ta je ta ɓoye a gidan maƙwabta. Ganin ƙwai a tare, da jin su a ƙirjinta, shi ke tayar mata da sha'awar kwanci. Shi ya sa ake barin ɗaya ko biyu. Kakata takan yi wa waɗanda ta bari alama da gawayi, ta kwashe sababbin ta adana a ƙwarya cikin yashi a wuri mai sanyi. Ba ta yarda su wuce mako ɗaya zuwa kwana 10, domin ƙwai in ya daɗe ƙarfinsa na raguwa.

Na uku, sanin alama. Kazar da kwanci ya kama ta ba ta ɓuya. Za ta ƙi tashi daga gurbi ko da dare, ta kumbura gashi in an matso, ta canja murya, ta kai sara. In kika ɗaga ta za ki ga ta fige gashin ƙirjinta don fatarta ta taɓa ƙwan. Amma tsofaffi ba sa gaggawa. Sai su bar ta kwana biyu ko uku a kan tsofaffin ƙwan nan masu alamar gawayi, su ga ko da gaske take. In ta tabbata, sai a bari dare ya yi, a zare tsofaffin a hankali, a sa mata masu kyau. Ƙaramar kaza a ba ta 8, babba 10 zuwa 12. Haɗama ba ta da amfani a nan, domin duk ƙwan da ya leƙo daga gefen fiffike sanyi zai kama shi, kuma da yake tana jujjuya su, yau wannan ne a waje gobe wancan, sai a yi asarar da yawa.

Daga nan sai lissafi: kwana 21. A ajiye mata ruwa da hatsi kusa, da ɗan wurin toka da za ta yi birgima. Sau ɗaya a yini takan sauka ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta koma. A kwana ukun ƙarshe kusan ba ta motsawa, kuma ba a taɓa ta. Wanda bai fashe ba bayan ta tashi da 'ya'yanta, shi ne baragurbi. Ku duba kalmar da kyau, abin da aka bari a gurbi ke nan. Har zagi muke yi da ita ba mu tuna daga ina ta fito ba.

Akwai kuma ranar da ba a son kwancin, misali in ana bukatar ƙwai ko babu zakara a gidan. Sai a tsoma kazar a ruwa, ko a kife ta da kwando a fili mai haske, a kwashe gurbin. Wato iyayenmu sun san yadda ake kunna abin, sun san yadda ake kashe shi.

Uwar riƙon zabi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zazzau ya san damina da ƙwan zabo. Da ruwa ya zauna za ki ga yara da faranti a tasha da bakin kasuwar Tudun Wada, dafaffe da ɗanye. Zabuwa gwanar saka ce a damina, amma ba uwar kirki ba ce a gida. A jeji take son yin gurbi, in an tsorata ta sai ta watsar, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Saboda haka tun da can manoma da matansu suke sa wa kaza ƙwan zabo. Ita ba ruwanta, duk abin da ta kwanta a kai nata ne.

Sai dai akwai lissafi. Ƙwan zabo yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida irin tamu kuwa har 35. In kika haɗa na kaza da na zabo rana ɗaya, 'yan tsaki za su riga fitowa, uwar ta tashi da su ta bar sauran su huce. Masu dabara sukan fara sa na zabon, bayan mako ɗaya su ƙara na kaza biyu ko uku, sai duk su fito kusan tare. Sukan ce 'yan tsakin ne ke koya wa 'yan zabin zaman gida. Zabin da aka ƙyanƙyashe da damina su ne ake sayarwa da tsada bayan wata shida ko bakwai, su biya kuɗin makaranta ko ɗinkin Sallah. Albarkacin kaza dai ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Yadda aka cire kwanci daga jikin kaza

To ina kajin gidan gona suka baro wannan hali? Ba haka Allah Ya halicce su ba, mutane ne suka tace su.

Likitocin dabbobi sun bayyana cewa wani sinadari ne a jini, ana kiransa furolaktin, yake sa kaza kwanci. Shi ne dai sinadarin da ke kawo wa mai jego nono. Idan ya hau a jikin kaza, sai saka ta tsaya cak. Ku yi lissafi da ni: mako biyu tana saka, mako uku tana kwanci, kusan wata biyu tana yawo da 'ya'ya. Shi ya sa kazar Hausa ba ta wuce zagaye uku ko huɗu a shekara, ƙwai kamar 40 zuwa 60. A wurin mai sayar da ƙwai, duk ranar da kaza ta yi a kwance asara ce.

Mutanen Masar ne suka fara gano hanyar ƙyanƙyasa ba da uwa ba. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce suna gina ɗakunan ƙasa masu kama da tanderu, suna hura wuta kaɗan-kaɗan, suna juya dubban ƙwai da hannu. Turawa sun daɗe suna ƙoƙarin kwaikwayonsu, har aka samu injin ƙyanƙyasa mai aiki sosai a Ingila da Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19. Da inji ya karɓi aikin uwa, sai masu kiwo suka shiga zaɓe. Duk kazar da ta nuna kwanci a fitar da ita, wadda ba ta yi a bar ta ta yi iri. Suka dogara da jinsi irin su Legon, wadda asalinta daga Italiya ne kuma dama can ba ta cika kwanci ba. Bayan zuriya da zuriya aka samu kazar da za ta yi ƙwai kusan 300 a shekara, amma ko kin tara mata kiret guda a gaba ba za ta kalle su ba.

Mu a Zariya wannan canji a ƙofar gidanmu ya faru. Ga Samaru, cibiyar binciken noma tun 1922. Ga gonar dabbobi ta Shika a kan hanyar Funtuwa, wadda aka buɗe a 1928, ta zama cibiyar NAPRI a 1976 a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A wannan shekara ta 1976 ne kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kiran ma'aikata su yi lambu da kiwon kaji a bayan gida. Matan ma'aikata a Kongo da Tudun Wada suka fara kafa keji, aka san abincin buhu, aka san 'yan tsakin kwali. An kuma yi zamanin da malaman gona ke ba mutane zakarun Turawa don su inganta na gida. A shekarar 2000 aka yi rajistar kazar ShikaBrown, wadda masananmu na Shika suka samar don ta jure zafin ƙasarmu ta kuma yi ƙwai da yawa. Abin alfahari ne, kuma babu mai musun alherin da ya biyo baya. Ƙwai da a da sai baƙo ko maras lafiya, ya zama abin da mai shayi ke soyawa a kowace kwana.

Sai dai mun biya wani farashi da ba mu lura da shi ba. Da zakarun gidan gona da na maja suka cika unguwa suna bin kajinmu, jikokin suka fito manya, masu kyan gani, amma kwancinsu ya yi rauni. Wata ta fara ta watsar a kwana 10, wata ba ta farawa sam. Mu kuma da hannunmu muka taimaka. In baƙo ya zo ko suna ya taso, wace ake kamawa? Tsohuwar nan ƙarama da ke ta kumbure-kumbure a lungu ba ta saka. Sabo da kaza dai ba ya hana yanka. Muka cinye iyayen, muka bar masu kyan jiki.

Shekarun da suka koya mana hankali

Sau uku a rayuwar yawancinmu aka nuna mana bambancin abin da ke hannunka da abin da kake saye.

Na farko shi ne bayan 1986, zamanin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida. Darajar naira ta faɗi, abincin kaji da magani suka yi tsada, kejuna da yawa suka koma wurin ajiye tarkace. Kazar Hausa ba ta san an yi ba, tana can tana tonon bola.

Na biyu shi ne watan Fabrairu na 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji, nan kan hanyar Kaduna. Shi ne karo na farko da aka ga wannan mugun nau'i a Afirka. Waɗanda suka ga lokacin ba za su manta ba. Aka kashe kaji masu ɗimbin yawa, gwamnati ta ce za ta biya diyyar naira 250 kan kowace kaza, mutane suka ƙaurace wa nama da ƙwai, kasuwa ta mutu. Kada a fahimce ni baibai, cutar ba ta bar kajin gida ba, su ma tana kashe su. Amma da ƙura ta lafa, mai keji sai da ta nemi sabon jari kafin ta tashi. Wadda kaza biyu da zakara suka tsira mata kuwa, kafin shekara ta zagayo tsakar gidanta ya cika.

Na uku muna cikinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na masara da na buhun abinci suka tashi. Yawancin 'yan tsakin kwali daga kamfanonin ƙyanƙyasa na wajen Ibadan ake ɗoro su, su kwana a hanya. Abin da ke sa su iso da rai shi ne ragowar gwaiduwar da ɗan tsako ke fitowa da ita a ciki, wadda ke riƙe shi kwana biyu zuwa uku. Kowace kilomita ta wannan tafiya mu ke biya. In sun gama zagayensu kuma sai a sake saye, domin ba sa maye gurbin kansu.

A nan ne zan taɓo abin da ya same mu, duk da na san akwai masu jin ciwonsa har yanzu. Kun tuna shekarar da muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa. Ni ina cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a saya. Inji na son zafi daidai, wajen digiri 37 da rabi, dare da rana har kwana 21. A mako na biyu aka ɗauke wuta kwana biyu, janaretan da muka aro ya ƙi tashi cikin dare. Ranar da muka buɗe, abin da ya fito bai kai a faɗa ba, saura duk baragurbi. A wannan makon ne wata dattijuwa cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan ta aiko jikanta ya kira ni. Na shiga na gaishe ta, ta ce, "'Yar nan, leƙa bayan randar can." Na leƙa, sai ga wata 'yar durgu baƙa da 'yan tsaki tara suna leƙowa ta ƙarƙashinta. Ta ce, "Tawa ba a ɗauke mata wuta." Na ce, "Iya, kin yi gaskiya." Ban sake cewa komai ba.

Inda iyayenmu suka gaza

Kada in yi ta yabon da, in manta gaskiya. Kazar Hausa gwanar ƙyanƙyasa ce, cikin ƙwai 10 takan fitar da 8 ko fiye. Matsalar tana bayan fitowa. Shirwa ta ɗauka, muzuru ya ɗauka, gafiya ta ja, kwata ta ci, sanyin hunturu ya kashe. Sau nawa muka ga kaza ta fito da tara, bayan wata guda tana yawo da biyu?

Sai kuma babbar annoba da ke zuwa da iskar hunturu, wadda za ki ga kaza ta yi zugum, tana kashi kore ko fari, wuya ya murɗe. Likitoci na kiranta Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta wajen 1926. Iyayenmu sun gwada barkono, sun gwada sassaƙe iri-iri a ruwan sha, amma in ta shigo unguwa sai ta share akurki. Ba ta da magani, rigakafi kawai take da shi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin allurar, har da nau'in da ake ɗigawa a ido wanda ya fi jure zafi, an yi shi ne musamman don kajin karkara. Ana maimaita shi duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in an buɗe kuma ba ta ajiyuwa. Wato abu ne da mace ɗaya ba za ta iya ba, amma mata ashirin za su iya cikin safiya guda. Ina ce don irin wannan aka kafa ƙungiya?

Akwai kuma dabarun da aka ƙaro a zamaninmu, masu sauƙi. A kwana na 7 zuwa 10 ki shiga ɗaki mai duhu ki haska ƙwan da tocilan waya. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, wanda ba shi da komai zai fito fayau, sai ki cire shi. Ƙwan kiret na kasuwa kada ki wahalar da kazarki a kansa, kajin keji ba su da zakara. Amma in kin samu ƙwan ShikaBrown ko Noiler daga inda ake haɗa su da zakara, kazar Hausa za ta ƙyanƙyashe miki su ta rene su. A ƙasar Bangaladash mata suna gina wa kaza kaskon kwanci na yumɓu mai 'yan ramuka biyu a gaba, ɗaya na ruwa ɗaya na hatsi, don kada ta rame a kwance. Maginan tukwanenmu za su iya yin irinsa. In kuma aka kife uwa da 'ya'yanta a babban kwando ko akurki na mako huɗu zuwa shida, ana ba su tsaki da gara da ruwa mai tsabta, shirwa sai dai ta yi shawagi ta wuce. A kula da lokaci ma: tsananin zafin Maris da Afrilu yana lalata ƙwai, farkon damina da kaka sun fi.

Abin da nake roƙo a wannan biki

Abu ɗaya ya kamata mu riƙe. Duk gyaran gurbi da barin ƙwai da duhun lungu, taimako ne kawai ga kazar da kwanci ke cikin jininta. Wadda aka cire mata shi, babu dabarar da za ta dawo mata da shi. Kwanci gado ne, 'yar mai kwanci ita ke kwanci. Don haka in irin ya ƙare a unguwa, ya ƙare, sai an koma ƙauye nema. Yanzu ma masu neman kazar kwanci ta gaske sai sun bi kasuwannin ƙauye irin su Giwa, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Ban ce kowa ta watsar da kejinta ba. Mai buroila ta ci gaba, kuɗin Sallah na nan. Mai kajin ƙwai ta ci gaba. Roƙona uku ne, kuma ina so a sa su cikin ajandar taronmu na gaba.

Na ɗaya, mu rubuta sunayen membobin da har yanzu suke da kaza mai kwanci ta asali, mu san inda irinmu yake. Na biyu, mu dawo da kiwon raba a ƙarƙashin ƙungiya. Duk sabuwar memba, ko wadda aka yi wa rasuwar miji, ko wadda jarinta ya karye, a ba ta budurwar kaza daga wannan iri, in ta ƙyanƙyashe ta dawo da 'yan mata biyu a ba wasu. A ajiye mata zakaran Hausa, kada a bar ta da na maja. Na uku, mu sa ranar rigakafi sau uku a shekara, ɗaya daga ciki kafin hunturu ya shigo, mu nemi malamin dabbobi ya koya wa 'yan matanmu biyu ko uku yadda ake ɗigawa.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke karanta wa iyayenku wannan, in an aike ku kamo kazar da za a yanka, ku tambaya tukuna. Wadda kuka gani a lungu ta kumbura tana harararku, ku bar ta. Wataƙila kakar kakarta ce ta biya kuɗin rajistar mahaifiyarku a wannan ƙungiya.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka kafa mana wannan tafiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana. Allah Ya sa albarka a kiwonmu da sana'o'inmu, Ya tsare mana su daga annoba, Ya maimaita mana na baɗi da rai da lafiya. Amin summa amin.